Baro Biyu na Inna Mai Shara

Shekara ashirin da bakwai Inna Mai Shara tana share titin da ya bi ta ƙarƙashin gada, inda marasa muhalli suka kafa tantuna. Da sassafe take farawa daga bakin kasuwa. Idan ta iso tantunan sai ta yayyafa ruwa tukuna, don kada ƙura ta tashi masu barci. Makon nan ta yi ritaya, kuma ko kujera ɗaya ofishinsu bai jera mata ba don bikin sallama.

Laifinta? Wata uku da suka wuce, ranar da hukuma ta turo motar rusau, minti goma aka ba mutanen. Minti goma, jama'a! Ko tukunyar da ke kan wuta ba a sauke ba. Aka tattake komai, aka ce masu shara su kwashe. Sai Inna ta aro baro na biyu. Ɗaya na shara, ɗaya na kayan mutane: katin asibiti, takardar haihuwa, tabarau, takalmin jariri ƙafa ɗaya. Kowace leda sai ta kwance ta leƙa.

Shugaban masu shara ya same ta tsugune. Saura mata wata uku ta yi ritaya, kuma ya sani sarai.

"Inna, ki juye wannan a mota, ko ki yi ban kwana da aikinki."

"Ɗana, shara aka ɗauke ni in kwashe. Duba nan, hoton uwar wani ne. To bismillah, juye da hannunka."

Bai iya ba, amma ya iya rubuta takardar da aka dakatar da ita wata guda. Washegari ta dawo bakin gada da baronta, ba rigar aiki, tana cigiyar masu kaya. Mai gyaran takalmin wurin ya ga wani dattijo mai ciwon sukari ya karɓi ledar maganinsa, sai hawaye.

Inna, ke ce kika ɗauke su mutane, mu kuwa muna wucewa a mota muna yatsina fuska. Wasunmu ma su suka kai ƙorafin a tashe su. Wallahi abin kunya ne. Mun gode, Allah ya biya ki.

Tantunan sun dawo, don masu su ba su da wurin zuwa. An kuma liƙa sabuwar sanarwar rusau, ranar Litinin, kuma Inna ba ta nan. Ku fito, tun kafin motar ta iso.