Idon Kaka a Hoton Nasima

Kowa a unguwarmu ta birnin Aljir na ƙasar Aljeriya ya san kakanmu Bu'alam mai gyaran takalma da abu biyu: tsokana da ƙin ƙarar ruwa. In famfo na ɗiga, ko abinci yake ci sai ya tashi ya ɗaure masa baki da tsumma. Ba a tambayarsa dalili. An dai san lokacin yaƙin neman 'yanci, yana saurayi, an kama shi, aka ɗaure masa ido, aka kai shi wani gida da bai taɓa sanin inda yake ba. Ya dawo da ɗingishi, bakinsa kuwa gum.

Rumfarsa na jingine da katangar Jinan Safsaf, gidan shaƙatawar wani attajiri na zamanin Turkawa. A nan ya tsufa. Lambun gidan ya daɗe da bushewa, sai ƙaya da kyanwoyi, har aka zo aka gyara shi, aka mai da komai yadda yake a da. Amare suka fara zuwa ɗaukar hoto.

Da bikin jikarsa Nasima ya zo, ta ce hoto ba Kaka, ba hoto ba ne.

"Kin bar ni kin bi ɗan yaro, kuma in zo in yi muku murmushi?" in ji shi.

"To ai kai ka ƙi sayen haƙora, angona. Tashi mu je."

Ya shiga lambun da farin burnus, wato alkyabba, tana riƙe da hannunsa. Itatuwan lemo sun yi layi, ƙamshin furen yasmin ko'ina. Tsakuwar da aka shimfiɗa ta yi ƙara ƙarƙashin takalminsa, ya ɗan dakata. Ya ce a ransa tsakuwa ai tsakuwa ce. Sai suka sha kwana, ya ji ruwa.

Kwarmi ne na farin dutse, ruwa na fita ta bakin wani kifin dutse. Zai zuba, ya sarƙe kamar mai shaƙuwa, ya sake zubowa. Bu'alam bai taɓa ganin kifin nan ba, amma ya san shaƙuwarsa. Ita yake ji ta ƙasan ƙofa a ɗakin da aka kulle shi. Duk sa'ad da aka zo fitar da shi, ta gefenta ake jansa. Ashe duk shekarun nan da katangar gidan yake jingina bayansa.

Ya tabbata in ya rufe ido, ko ƙiftawa ce, tsumman da aka ɗaure masa ido da shi zai dawo fuskarsa, ya zube a gaban dangin ango, ranar yarinyar nan ta lalace. Ya buɗe ido iyakar buɗewa, ya kafe su a kan wani lemo.

Mai hoto ya jera su daidai bakin kwarmin. "Alhaji, sassauta ido mana, ba sata muka kama ka da ita ba."

Aka yi dariya. Idanunsa suka fara yaji. Ruwa ya sarƙe, ya zuba. Can bayan itatuwa wani ya ja ƙofar ƙarfe, yatsun Bu'alam suka nutse a damtsen Nasima.

"Kaka, za ka karya ni," ta ce a hankali. Ta dube shi, ta ga gumi na bin gemunsa. Ta san maganar famfo kamar kowa. Ta miƙa hannunta mai lalle ta baya, ta toshe bakin kifin da tafinta.

Wuri ya yi tsit. Ruwa na bin hannun rigar amarci yana gangarawa har gwiwar hannu, uwar ango na salati.

"Ɗauka, malam," in ji Nasima. "Hannuna ya fara sanyi."

Aka ɗauka.

"Za ka iya tafiya?" ta tambaye shi ba tare da ta juyo ba.

"In kin riƙe ruwan nan."

"Na riƙe. Kar ka yi sauri."

Ya bi layin lemon shi kaɗai, yana jan ƙafa, bai ƙifta ba sai da ya ji kwalta ƙarƙashin takalminsa.

Washegari ya sa aka kwance rumfar daga jikin katangar.