Shekarar da Kaurar Kaka Ta Ƙare

Jiya da safe hayaƙin murhun maƙwabciyata ya karkata gefe guda, sai na ga na tsaya ina duba inda ya nufa, kamar yadda kakana yake yi a ƙauyenmu na bakin dajin Kamuku.

Idan bazara ta yi nisa, yakan tsaya ƙofar madafa ya zuba wa hayaƙi ido. Ba ya yarda a yi shuka sai iska ta juyo daga kudu maso yamma, ta yi mako a haka. Yana da wata dawa, kaura mai gardi, da ya gada wurin mahaifinsa, babu mai irinta a yankinmu. A shekarar da nake ba ka labari, ƙwarya ɗaya ce ta rage.

Sai hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika gari da kuka. Mahaifina ya ɗauko sungumi.

"Baba, kowa ya fita gona. Mu gadin hayaƙi za mu zauna yi?"

"Iska ba ta juyo ba," in ji Kaka. "Wannan ruwan baƙo ne, wucewa zai yi."

Jika yana da damar tsokanar kakansa, don haka na sa baki: "Tsoho, daga gabas ruwa yake zuwa, kai kana ta kallon yamma!"

Gida ya ɗauki dariya. Kaka ya dube ni, ya miƙa wa mahaifina ƙwaryar.

Ni na bi bayan sungumin, ina jefa iri ina rufewa da diddige. Kaurar ta tsiro kore shar. Daga nan sama ta bushe kusan mako uku, tsiron ya ƙone ƙurmus. Aka sayo wani iri a kasuwa. Har ya rasu, Kaka bai taɓa tayar da maganar ba.

Da girma ya zo, aiki ya kai ni Duwala, birnin bakin teku. Can wani matuƙin jirgin ruwa ya ɗauki lemo yana juya shi a matsayin duniya, ya yi mini bayanin iskar damina da Faransanci. Rana tana dafa tsakiyar duniya, iska mai zafi ta yi sama, wata ta taho daga teku ta cike gurbinta. Da yake duniya juyawa take yi, iskar ba ta miƙewa. In ta ƙetaro tsakiya sai ta karkata dama, ta iso mana ta kudu maso yamma ɗauke da laima. Hadarin gabas da ruwanta yake zuba. In ba ta zauna ba, damina ba ta zauna ba.

Na kasa cin lemon da ya ba ni.

Yau 'yan bindiga sun hana kowa taka gonar, danginmu sun tare a Birnin Gwari, yaransu a waya suke duba yanayi. Ni kuwa duk kasuwar da na shiga, daga Zariya har Sudan, sai na je layin masu hatsi, in ɗebi kaura in tauna. Har yanzu ban ji ta ba.