Matar da ta koya wa Wendell riƙe gidansa

Bas ɗin safe ke sauke Marvella Tibbs a bakin titinmu, nan Toledo ta Amurka, jaka a kafaɗa, takalmin aiki a leda. Ko dusar ƙanƙara ta kai ƙauri sai ta zo. Tana da makullin gidan Wendell Haskins, amma ba ta buɗewa da shi. Ƙwanƙwasawa take ta tsaya, wai ba a faɗa wa mutum gida sai mai gida ya buɗe. Sai Wendell ya gama neman silifas, ya leƙa ta taga ya tabbatar ita ce, sannan ya zare sakata, ita kuwa tana tsaye sanyi na cinta. Kusan shekara ashirin ke nan haka take yi, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Wendell ya haura hamsin, amma tun haihuwa kansa ba ya ɗaukar abu da sauri. Kafin mahaifiyarsa ta rasu ta zuba abin da ta tara a asusun amana na masu buƙata ta musamman, irin wanda ba a damƙa wa mai shi kuɗi a hannu don kada tallafin gwamnati ya yanke, sai dai a biya masa hidima. Ta ɗora 'yarta Corinne, wadda ke aure can nesa a birnin Phoenix, a kan asusun, ta bar mata wasiyya ɗaya: kada a fitar da Wendell daga gidan nan. Daga asusun ake biyan Marvella, don shara da wanki da girki.

To, aikin nata ne ya zama abin magana a unguwa. Sharar da wata za ta gama kafin shayi ya huce, Marvella sai ta kai azahar a kanta, domin tsintsiyar tana hannun Wendell. Shi ke zuba sabulu a injin wanki, shi ke fasa ƙwai, rabi a kwano rabi a ƙasa. Ita tana gefe tana tsokanarsa, tana ce masa mai gida, yau kuma ƙasa za mu ba karin kumallo? Masu leƙe ta taga suka ce matar nan ta samu banza, ana biyanta nakasasshe na yi mata aiki.

Maganar ta kai kunnen Corinne. Ta sauka ba sanarwa, ta tarar da ƙaninta durƙushe yana goge ɗakin girki, Marvella na zaune a kujera. Ranta ya ɓaci, ta faɗi maganganun da har yau take cizon yatsa a kansu. Marvella ta bari ta gama tsaf.

"Madam Corinne, in kina so gida ya yi ƙyalli, ba ni awa biyu kin gani," in ji ta. "Amma ni ba dawwama zan yi ba, kuɗin nan ma ba dawwama za su yi ba. Ran da babu ni, wa zai ɗaga masa cokali?"

Corinne ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa. Tsoron kada asusun ya ƙare Wendell yana raye, tsoron kada ta taka doka a yanke masa tallafi. Ta rage wa Marvella ranakun aiki. An kuma tsorata ta cewa sayen abinci daga asusun zai taɓa tallafin, sai aka wayi gari asusu na biyan mai girki amma ba ya sayen abin da za a girka. Idan wata ya yi nisa firij ya koma fayau, sai a ga Marvella da tukunyar wake da burodin masara daga gidanta, tana mitar wai hannunta ne ba ya jin magana, kullum sai ta dafa ya yi yawa. Ranakun da aka rage ma ba ta daina biyowa ba, wai hanya ce ta kawo ta. Gidanta kuwa yana can ɗaya gefen kogi.

Amfanin abin ya fito a hunturun da Marvella ta zame a kan ƙanƙara ta karye a kafaɗa. Ta yi makonni a kwance. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo da shirin kai Wendell gidan kulawa, ta tarar ya fitar da shara ranar da ake fitarwa, ya shanya kayansa, ya dafa taliya, ko da yake ta yi gishiri. Ya ba ta kujera, ya kuma roƙe ta ta cire takalmi. Ta koma ta bar shi a gidansa, masu surutu kuma suka yi tsit.

Ke ce, Marvella, mai haƙurin da ya fi ƙarfin gori. Ke kika zauna kina kallon ana ɓata aikin da kika fi kowa iyawa, kika danne hannunki don wani ya koya. Aka kira ki malalaciya ba ki fasa ba. Wasiyyar da aka bar wa wata, ke kika ɗauke ta a ka.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda za ta tafi. Gwiwoyinta sun ƙare a matakalar gidan nan, babu fansho, babu sallama. Corinne ta so ta yi mata kyauta daga asusun, lauya ya ce a'a, kowane kwabo na amfanin Wendell ne shi kaɗai, ladan aiki ya halatta, kyauta ba ta halatta ba. Masu maye gurbinta kuma an gwada. Kamfani ya turo mata masu kirki, amma agogo suke bi: su share, su goge, su fita, Wendell na zaune gaban talabijin kamar baƙo a gidan uwarsa. Babu wadda ta daɗe. Corinne ta yi kuka, ta yi lissafi, ta yanke shawara. Idan sanyi ya wuce Wendell zai koma gidan kulawa, su huɗu a gida ɗaya da mai lura da su.

Marvella ta roƙi a bar ta ita ta gaya masa. Ba ta ɓoye masa komai ba. Da ta gama ya ɗago ya dube ta.

"Mis Marvella, ai na iya komai, ko ba haka ba? Me na ɓata?"

"Ba ka ɓata komai ba, mai gida. Ni ce na tsufa."

"Can ɗin za su bar ni in wanke kwanona?"

"Ka ce musu kai ba a yi maka, tare ake yi da kai. In sun ƙi ji, ka buga mini waya, in zo da sandata."

Ya yi dariya. Ita ce ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Kwanakin da suka rage mata tana koya masa haɗa kaya a kwali, shi ke naɗe kofunan mahaifiyarsa a jarida ɗaya bayan ɗaya, ita tana zaune tana riƙe masa salatif.

Mun gode, Marvella, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma ba za ta gyara gwiwa ba. Ku kuma da aka ba amanar irin wannan asusu, ku dubi wadda ke shiga gidan kullum tun tana da ƙarfi, ku biya ta ladan da doka ta yarda da shi ba tare da ƙwauro ba, kada ku jira ranar sallama. Masu shiga aikin kuma su koyi zama su bar mai gida ya yi da hannunsa. Uwar Wendell ta bar kuɗin da za su riƙe shi a gidansa, kuma har yau akwai saura a asusun. Marvella ce babu ta biyu.