Galan a Rufin Mota

Shekarun baya, lokacin ina fama da wata akwalar mota da na gada wajen mahaifina, ni ne direbanta, ni ne bakanikenta. Tsatsa ta gama cinye tankin, kwana biyu kaɗan sai datti ya toshe kafireta, mai shayar da inji fetur. In kwance, in wanke da fetur, in busa da baki, in mayar, ina ta hura hanci wai ni gwani. Wani abokina har cewa yake bakina ya fi motar shan mai.

Wata safiya aka bugo waya daga Toranke, jikin yayar mahaifiyata ya rikice, sunan ƙanwarta kawai take kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Inna kuwa ciwon gwiwa ya hana ta hawa babur, dole sai mota.

Ba mu yi nisa da Gaya ba motar ta fara fizga, ta mutu murus. Na buɗe bonet, na kwance kafireta, na busa, ta tashi. Tafiya kaɗan ta sake mutuwa. Wannan karon tiyon da ke kawo mai ne ya toshe. Na zuƙa, na zuƙa, har fetur ya sarƙe ni, ban da jar tsatsa babu abin da ke fitowa. Wallahi na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Sai na yi dabarar direbobin ƙauye. Na tsiyayo mai ta ƙarƙashin tanki, na tace da hulata a galan, na ɗora shi a rufin mota, na jawo tiyo har kafireta. Ba igiya, hanya kuma duk gargada, galan sai zamewa yake.

Inna ta ce, "Kai, bar shi, zan riƙe."

"Haba Inna, hannunki zai gaji."

"Ja mu je. Yaya na jira."

Haka ta miƙa hannu ta taga ta dafe shi. Fetur na gangarowa har gwiwar hannunta, bakinta na ta motsi da salati, ba ta ko canja hannu ba.

Muna shiga gari muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, ɗauke da makara ba kowa a kai. Na gane mijin 'yar yayar Inna a gaba. Na kashe mota. Inna ta daɗe tana kallonsu, hannunta na sama dafe da galan.

Can ta ce, "To, in sauke?"

Mutane sun yi ta ba ni baki, wai kwana ne ya ƙare, ko a jirgi muka zo sai abin da Allah Ya yi. Na yarda, amma zuciyata ba ta huce ba har yau. Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da muka koma gida sai da ta ce mini, "Sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi maka albarka."