Farin Mai a Ruwan Alwala

Mu biyu ne maza wurin mahaifiyarmu, ni baƙi, ƙanena zabiya. Gidanmu gidan fawa ne a Ƙofar Dundaye, kuma tun muna yara aka raba mana aiki. Ni ina bakin tebur ƙarƙashin rumfa ina yanka, shi yana ɗaukar tire yana zagaya unguwanni da nama. Ba wanda ya taɓa tunanin a sauya mu. Idan ya dawo bayan Azahar fuskarsa takan yi ja kamar hanta, leɓɓansa sun tsattsage, sai Inna ta zaunar da shi ta lakato man shanu ta shafe masa. Abin da ta sani ke nan, kuma da ƙauna take yi.

Abin ya fara ne da wani ɗan tabo a gefen hancinsa. Na taɓa shi sau ɗaya da yatsa, na ji shi da kaushi kamar harshen saniya. Ya yi ɓawo, ya fāɗi, ya sake yin wani. Daga nan ya zama gyambo, gyambon ya ci gefen hancin, ya nufi ido. Ƙanena ya koma rufe rabin fuskarsa da bakin rawani. Mutane suka daina sayen nama a tirensa, saboda ƙudajen da ke binsa ba naman suke bi ba. Da muka kai shi asibiti aka ce ciwon daji ne na fata, rana ce ta jawo shi, kuma mun makara. Bai yi aure ba ya rasu. Ni na riƙe kansa wajen wanka.

Shekaru suka tura, na yi aure, na samu maza biyu baƙaƙe kamar ni. Haihuwa ta uku, ungozoma ta leƙo zaure ta ce an samu mace, amma ba ta yi guɗa ba. Da na shiga aka buɗe mini zane, na ga farin gashi da jan kunne irin na ƙanena. Na sa mata sunan Inna, shi ya sa nake kiranta Uwata.

Wata ma'aikaciyar jinya a ɓangaren masu ciwon fata ita ta fara gaya mini akwai man da ke tare rana. Ta ce in nemi wanda yake da zink oksayid a ciki, don shi zama yake a kan fata kamar rumfa, ba ya yi wa yara zafi a ido, kuma lambar da ke gaban kwalbar kada ta gaza talatin. Wani lokaci akan raba shi kyauta, amma kyauta ba ta kai mutum ƙarshen bazara. Dole in saya. A lokacin ban iya karatun boko ba, duk kwalbar da aka miƙo mini sai in karɓa. Wannan na cikin abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci a unguwar Minanata, ina da furfura a gemu, ina zaune kan benci bayan La'asar ina bin baƙaƙe da yatsan da ke warin kitse.

Sannu a hankali na iya tsayuwa a kemis in juya bayan kwalba in nemi kalmomin nan biyu a cikin ƙananan rubutu. Nakan daɗe. Mai kemis ɗin da ke kusa da mu ya saba da ni.

"Sarkin fawa, yau ma jarrabawa za ka yi muna?" in ji shi. "Ga wanga, mata na son shi, bai barin alama."

Na juya, na bi layin har ƙasa. Babu. Man ƙara hasken fata ne ma, an zana masa rana a gaba.

"Ɗiyata ba haske taka nema ba," na ce. "Ya yi mata yawa."

Ya yi dariya har da buga kantar shagon, sannan ya sunkuya ya ciro wata doguwar kwalba daga ƙasa. Ya ce wannan ba ya tafiya, duk wadda ta saya sai ta dawo tana faɗa, wai ya mai da ta kamar wadda ta faɗa cikin toka, shi ya sa ya karya kuɗinsa. Na duba kwanan lalacewarsa, da saura. Na duba baya, ga kalmomina biyu a layin farko. Ba turare, ba wani ado. Farin da baƙar fuska ke gudu, a fuskar Uwata ko gani ba a yi. Tun daga ranar shi nake saye.

Hankalina ya kwanta wasu shekaru. Kullum da safe mahaifiyarta takan shafe mata fuska da wuya da bayan hannu kafin ta tafi makarantar boko. Sai a bazarar da ta fara girma, ta fara tsayuwa da sallolinta ba tare da an ce ta tashi ba, na lura kumatunta sun koma ja. Wata safiya ta durƙusa tana gaishe ni, haske ya faɗo mata ta ƙofa, na ga ɗan tabo a gefen hancinta. Gefen hagu, inda na ƙanena ya fito. Na sa yatsa. Harshen saniya.

Na fita zuwa rumfa, amma ranar duk wanda ya zo wucewa da tire a kai sai in ɗago. Na dinga jin kukan ƙuda fiye da yadda yake. Har na taɓa juyawa zan ce wa ƙanena ya miƙo mini gatari.

Na fara zargin man. Na koma kemis na ce wa mai shi jabu ya sayar mini, ya rantse, na ƙi saurara. Na sayi wani mai tsada a can cikin gari, wanda ya sa muka yi kwanaki miyarmu ba nama, a gidan mahauci. Jan bai ragu ba. Na juya kan matata.

"Malam, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Da hannuna nika shahwa mata kullum da sahe. In ba ka yarda ba ka tsaya ka gani."

Na tsaya na gani, gaskiyarta ce. Yarinya takan fita da fuska a rufe da mai.

Abin da ya buɗe mini ido yankan wuƙa ne. Ta zame mini a tafin hannu, aka ɗinke, aka ce in zauna gida. Ni da ban taɓa yin Azahar a gida ba sai ga ni kan tabarma a inuwar katanga. Uwata ta dawo daga boko, ta ajiye jaka, ta ɗauki buta da sabulu ta tsuguna bakin rariya. Ta cuɗa fuskarta da sabulu, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa. Ruwan da ke sauka daga haɓarta fari ne kamar tsinkakken nono, yana bin rariya yana fita waje. Sai da ya koma garau sannan ta yi niyya ta fara alwala. Ta yi salla, ta ci abinci, ta zura hijabin Islamiyya ta nufi ƙofa, a lokacin da ko akuya ba ta barin gindin bango.

"Uwata, zo nan. Ina man?"

"Na wanke, Baba."

"To ki ƙara mana."

Ta dube ni kamar na ce ta ci da hagu. "Baba, Malama ta ce duk abin da ya hana ruwa taɓa hwata, alwala ba ta yi ba. Wanga man ruwa zamewa yaka yi bisanai. In na ƙara yanzu, da mi za ni wanke shi can in La'asar ta yi? Ko so kake sallata ta lalace?"

Ma'aikaciyar jinyar ta ce a riƙa ƙarawa idan ya goge, mu kuwa muka ɗauka gumi take nufi. Matata tana shafawa da safe ta shiga aikinta da zuciya ɗaya. Ashe muna tare mata ranar hantsi, ranar tsaka kuma tana tafiya a cikinta da fuska wankakkiya tas, zuwa Islamiyya da dawowa, don tsoron Allah.

Na kama hannunta da hannuna mai lafiya muka je wurin limamin masallacin unguwa, dattijo ne da ya yi wa ƙanena salla. Na ce ta faɗa masa da bakinta. Ya saurara har ta gama, ya daɗe yana kallon gefen hancinta.

"Malamarki ta yi gaskiya, jikata," ya ce. "Ki wanke shi kahin alwala. Amma in kin gama, ki shahwa abinki, bai karya alwala. In kin riƙe ta Azahar har La'asar, shi ke nan. In ta karye, ki sake wankewa ki sake shahwawa. Huskar ga amana ta, ba taki ta ke kaɗai ba."

Yanzu man yana ƙarewa da sauri ninkin da, don haka na koma wurin mai kemis ɗinmu na ba shi haƙuri, ya ce in biya da tsire. Doguwar kwalbar tana cikin ɗaki inda zafi ba ya kai mata. Akwai ƙarama a jakar Islamiyya, tare da guntun sabulu a cikin leda.

Tabon kuwa, likita ya duba ya ce bai zama abin da nake tsoro ba tukuna, amma hanyarsa ke nan. Ya ƙone shi da wani abu mai sanyi, ya ce mu riƙa dawowa ana dubawa. Wurin ya warke, ya bar ɗan lotsawa da ba mai lura da shi sai ni.

Na sauya lokacin cin abincina. Da Azahar nakan bar rumfa in zo gida, in tarar da ita bakin rariya, farin ruwan nan yana gangarawa. Nakan tsaya a zaure har sai na ji ƙarar murfin kwalba. Wani lokaci idan ta ja bakin hijabi ta rufe rabin fuskarta za ta fita, sai in tuna ƙanena da bakin rawaninsa, in ce ta buɗe in gani. Takan buɗe, ta ce, "Baba, ni ce hwa."