Egya Kobina, Manomin da Ke Zubar da Amfanin Gonarsa

Ƙarfe shida da rabi na safe Egya Kobina Essilfie yake jingine kekensa a bayan gidan nuna kifaye na Elmina. Ba ya bi ta gaba, inda 'yan makaranta ke manna hanci a jikin manyan tankunan gilashi. Ƙasan bene yake sauka, wurin wani ƙaramin tanki da babu kifi ko ɗaya a ciki, sai ciyawar teku da fitila a kanta. Ya naɗe hannun riga, ya juya ciyawar ta ƙasa ta dawo sama, ya shinshina ruwan, sannan ya zauna ya kwance ƙunshin dokununsa, wato tuwon masarar da yake karyawa da shi. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ni Ekuwa, mai goge gilashi, ni aka ce zan gaje shi. Tsakani da Allah, har yau aikin nan bai gama shiga kaina ba.

Ni 'yar masunci ce. A gidanmu ciyawar teku abar tsinuwa ce, ta cika raga, ta ruɓe a bakin ruwa. Sai ga dattijo da hankalinsa yana kunna mata fitila.

"Egya, wai me kake kiwo a nan?" na taɓa tambayarsa.

"Ruwa."

"Ruwa kuma?"

"Kifi na ci yana kashi, ko ba haka ba? Ruwansu ya biyo bututu ya zo nan, ciyawa ta shanye ƙazantar, ya koma musu fes."

"Au, ashe masai kake gadi."

"Masai mai fitila, 'yata. A gidanku akwai?"

Na yi dariya, amma ban fita da abin da ya fi wanda na shigo da shi ba.

Kowa a nan ya shaida ranar da manaja ya kawo wata ciyawa mai ƙwayoyi kamar inabi, ya ce a cire ta Egya, wadda ta cukurkuɗe kamar soson wanke tukunya. Egya ya karɓa da hannu biyu, ya ce a bar ta ta huta tukun, ya zuba ta a baho ita kaɗai. Mako uku, ta yi fari fat, ta narke, ruwan bahon ya koma kamar kunu. Kyan ɗan maciji ke nan. Yadda ya gane tun daga ganin farko, ni dai ban sani ba.

Bara aka yi masa aikin ido. Zai tafi ya ce, "Ki kula min da gonar." Na kuwa kula. Na san duk Juma'a yakan fita da bokiti cike da ciyawa, amma na ɗauka gida yake kaiwa, girbinsa ne. Mu kuwa a wurinmu ba a taɓa kamun mutum ko amfaninsa a bayan idonsa. Ko tsinke ban cira ba. Ta yi ta tohuwa har ta cika tanki maƙil, ina ta jin daɗi.

A mako na biyar Kyaftin ya daina ci. Kyaftin shi ne tsohon kifin talibambam ɗinmu, shekararsa goma sha ɗaya, shi yara ke fara nema. Ya kwanta a ƙasan tanki yana numfashi da kyar. Na rasa ta cewa: ga ciyawa ta ninka, ga ruwa ya lalace. Na garzaya gidan Egya, na same shi da bandeji a ido.

"Bokiti nawa kika zubar?" ya ce.

"Zubar? Haba Egya! Amanarka tana nan cif."

Matarsa Maame Adjoa ta saki muciya ta riƙe ciki. "Ke Ekuwa! Kin ɗauka miyar ciyawa muke sha a gidan nan? Bola yake kaiwa!"

Shi bai yi dariya ba. Likita ya hana shi sunkuyawa, amma ya shiga tasi da ido ɗaya, ya zo ya tsoma hannu har gwiwa, ya yage fiye da rabi. Ƙasan duk ya ruɓe, wari ya cika ɗakin.

"Ƙazantar tana jikin ciyawa," in ji shi. "In ba ki fitar da ita ba, tana nan. Ta ƙasa ta rasa haske ta mutu, ta amayar musu da duk abin da ta ci."

Muka wuni muna canja ruwa. Kwana uku ban iya cin abinci ba don fargaba. Ran na huɗu Kyaftin ya taso ya cafke jatan lande, na durƙusa gaban gilashin na yi kuka. Har yau manaja bai ji labarin nan daga bakin Egya ba.

Kai ne, Egya, gwanin ƙasan bene, wanda ba mai ɗaukar hotonsa. Kai ne ka rufa min asiri ranar da riƙon amanata ya kusa yin kisa. Mun gode, ni da kifayen da ba su san da kai ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Masu aikin da ba a gani kuma, ku dubi mutumin nan ku yi koyi, ko da kun kasa gane shi kamar yadda na kasa.

Juma'ar da ta wuce ya miƙo min bokitin, ya koma gefe ya harɗe hannu. Na yago kaɗan kawai, domin ciyawar ta yi kyau, kore shar.

"Ƙara," ya ce.

Na ƙara.

"Ƙara dai."

"Egya, in ba ka nan, yaya zan san ya isa?"

Ya kalli tankin. "In abin ya fara miki ciwo, 'yata, to kin kusa."