Butar Shayin da Kuku Ya Sace

Akwai wata Laraba da ba ta fita daga raina ba har yau, a cikin watana na uku a ɗakin karatu na unguwa a Villeurbanne. Ku da kuka zo bayanmu kun tarar da kallon fim na iyali a tsare, shi ya sa nake so ku ji yadda ya soma.

Lokacin ina kan gwaji. Na gama karatu, na yi horo a Montreuil, sannan aka ɗauke ni a matsayin mataimakiya a sashen yara. Ƙa'ida ita ce in wata uku ya cika, shugabar sashe ta rubuta ra'ayinta a kan ma'aikaci. In ta yaba, a ba shi kontra, wato takardar ɗaukar aiki, da ita zai je ofishin hukuma na prefektir a mayar da takardar zamansa ta ɗalibi zuwa ta ma'aikaci. In ba ta yaba ba, sai jirgin komawa gida Yamai. Shugabata Madam Perrin ce, mace mai gajeren gashi da gajeriyar magana.

Laraba da rana yara ba su da lekol, wato makaranta, saboda haka muke nuna fim. Madam ta lura iyalan mutanenmu da ke unguwar Saint-Fons ba su taɓa zuwa ba. Ta ce tunda ina jin harshensu, in kawo su.

Fim ɗin na mai binciken nan ne na tsoffin littattafan Turawa, mai hula da lofe, amma an sassauta shi don yara: babu jini, babu gawa, butar shayi ta azurfa kawai aka sace a gidan wata tsohuwa. Daga Paris aka aiko mana da faifan, tare da takardar wasa. In ya rage minti goma sai a tsayar da fim, kowa ya rubuta wanda yake zargi, wanda ya dace a ba shi littafi. A ƙasan takardar an ja layi biyu: kada a faɗa wa kowa ƙarshen labari.

Na kira Alhaji Mahamat, dattijo ɗan Chadi da ya yi ritaya daga wata masana'anta a Saint-Fons. In ya ce a je, ana zuwa. Bayan mun gaisa, ya tambayi aiki da sanyi da mutanen Damagaram, sai ya ce ba zai tura iyalan mutane inda bai san abin da ke ciki ba. Ya tambaya ko akwai rungume-rungume, na ce babu. Ya tambaya ko ana shan giya, na ce shayi ne. Ya tambayi lofen, na ce yana bakin mutumin amma ba a kunna shi.

"To, ɗiyata, wa ya ɗauki butar?"

Na dubi teburina. Takardar Paris tana gabana. Amma a gidanmu ba a ce wa babba "sai ka gani".

"Kuku ne, Baba Alhaji."

"Haka na yi zato," in ji shi.

Daga baya na ji cewa bayan sallar Juma'a ya bayyana wa magidanta komai, har da kukun, don hankalinsu ya kwanta.

Ranar Laraba ɗakin ya cika har muka ɗauko kujeru daga sashen jaridu. Madam ta dube ni ta ɗaga kai sau ɗaya, wanda a wajenta babban yabo ne. Aka kashe fitilu, hasken majigi ya ratsa saman kawuna da kallabi, na ji daɗi a raina.

Minti biyar da farawa kuku ya shigo ɗauke da tire. Hajiya Falmata, matar Alhaji, tana layin gaba. Ta ja tsaki mai tsawo. Layin da ke bayanta ya amsa. Ta ce, ba da ƙarfi sosai ba, a dube shi kamar na Allah. Duk lokacin da mai binciken ya zargi wani, sai a ji wata murya tana ba shi shawara ya koma kicin. 'Ya'yan Faransawa suka riƙa waiwaye. Kafin fitowar kuku ta uku su ma sun fara gwada tsakin, bai yi musu ba.

Aka tsayar da fim, na raba takardu, na tattara, Madam ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Kuku. Kuku. Wata 'yar shekara biyar da ba ta iya rubutu ba ta zana hularsa. Littafin kyauta guda ɗaya ne.

Takarda ɗaya ce babu komai a kanta. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa a kan suwaita, ya yi wa Madam bayani da Faransanci mai tsabta. Ya ce tasa ce. Ba zai karɓi kyauta a kan abin da aka faɗa masa ba, kuma ba zai rubuta sunan mutum a matsayin ɓarawo ba alhali bai gani da idonsa ba. Sannan ya nuna ni, ya ce ta riƙe yarinyar nan da kyau, ta samu tarbiyya, duk abin da ya tambaye ta ba ta ɓoye masa ba.

Madam ta gode masa. Ta ce a ci gaba da fim. Ba wanda ya tashi. Da mai binciken ya ciro butar daga buhun gari, Alhaji ya ce mutumin ya yi ƙoƙari, sai dai yana da jinkiri.

Washegari ta kira ni biro, wato ofishinta. Takardar ra'ayin tana gabanta, ba ta cike ba. Ta tambaye ni ko na karanta layin da aka ja. Na ce na karanta. Ta ce abu ɗaya ne bai shige mata ba: mutanen da suka san ƙarshe, me ya zaunar da su? Na ce ba ɓarawon suka zo nema ba, sun zo su ga ko mai binciken zai iya. Na ƙara da cewa tatsuniyoyin da kakata ta yi mana, duk mun san ƙarshensu, kuma ba mu taɓa barin ta ta tsallake ko ɗaya ba.

Sai ta rubuta layi biyu ta juyo mini da takardar: "Ba ta riƙe sirri. Tana cika ɗaki." Ta sa hannu, aka ba ni kontra.

Tun daga ranar aka canza tambayar wasan. Ba a tambayar wa ya yi, sai ta yaya aka gane shi, kuma ita ce kuke rabawa har yanzu. Abin da na koya shi ne, takardar da aka rubuta a Paris ta san fim, amma ba ta san wanda zai zauna a kujera ba, wannan aikinmu ne. Alhaji yana kira ranar Alhamis kafin kowane fim. In ya faɗo a kanku, ku gaishe shi da kyau, ku faɗa masa.